Ina so in bi sawun mahaifiyar Shaihu Umar, ta ina zan fara?

Malam Habu:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin Hausa ne a sakandare, shekara 19 ke nan ina karantar da littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Duk shekara in muka iso inda uwar Umar ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, aka kai ta Murzuk a kudancin Libiya, sai aji ya yi tsit. Bana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganin hamadar nan?" Ban taɓa ba. Iyakata arewa Daura.

Abin ya tsaya mini a rai. Matar nan ta ratsa Sahara a matsayin baiwa, ta ga ɗanta a Tarabulus, ba ta jima ba ta cika, ni kuwa ina ba yara labarin ƙishirwarta da ruwan leda a kan teburina. Na yi adashe, kwasata za ta zo a Disamba. Wanda ya san hanya don Allah ya taimaka mini: me zan iya gani da idona, kuma ina ne ba a zuwa?

Hajiya Ladi, Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da nan Kano, tunda nan aka kawo Umar kafin Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi. Ka shiga Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, amma ka nemi dattijo cikin 'yan kasuwar ya zaga da kai, don in kai kaɗai ne sai dai ka ga rumfunan dukawa da 'yan koli ka wuce. Daga nan ka leƙa Dandalin Turawa, unguwar da Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna. Kada ka manta, kafin zuwan Nasara su ake kira Turawa. Gidan Makama ma wuni guda ya ishe ka.

Ɗan Abzin:

Malam Habu, Allah ya saka da alheri, tambayar yarinyar nan ta taɓa ni. Ni haifaffen Agadas ne, kakana madugu ne. Gaskiya zan faɗa maka: Murzuk ka cire ta a lissafi. Kudancin Libiya ba wurin baƙo ba ne yanzu, hanyar Dirku da Bilma kuwa sai da rakiyar soja ake bin ta. Mai iyali ba ya wasa da wannan.

Amma Agadas ta ishe ka. Ka bi ta Daura ka shiga Damagaram, ka kwana, ka ga fadar Sarki da unguwar Birni. Daga nan zuwa wurinmu kilomita 450 ne ko kusa da haka, ka shiga motar safe, kuma ka tambayi halin da hanya take ciki a satin da za ka taso, ba wata guda kafin nan ba. Bayan Tanut za ka ga gero yana ƙarewa, itatuwa suna gajarta, har ƙasa ta koma tsakuwa da rairayi. Wannan sauyin shi ne abin da bayin da aka kora arewa suka gani da ƙafa, kwana bayan kwana.

In ka iso, ka nemi izini ka hau hasumiyar babban masallaci. Tun 1515 take, aka sake gina ta a 1844, tsawonta mita 27, duk da laka da itace. Matakalar tana ƙuntata har sai ka karkace kafaɗa. Daga sama ka dubi gabas, can ne hamadar Tenere. Sannan ka je kasuwar raƙuma da hantsi, lokacin sanyi ne ayarin gishiri ke dawowa daga Bilma da kantu da dabino. Ka roƙi wani Buzu ya ba ka ruwan salka ka kurɓa. Warin fata gare shi. Kakana yakan ce in guguwa ta taso, raƙumi ake gurfanarwa a fake a jikinsa a ja rawani a rufe fuska, wanda ya miƙe tsaye ya ɓata. In ka ji wannan daga bakin masu ayari, babin da guguwa ta binne ayarin su Umar zai sake maka kama.

Ka zo da bargo. Sanyin Disamba a nan ba irin naku ba ne.

Baba Mai Ritaya, Bauchi:

Ɗana, in ka dawo ka biyo ta Bauchi. A Rauta, kusa da Bauchi, marubucin ya zaunar da Shaihu yana ba almajirai labari, Tafawa Ɓalewa kansa kuma a nan Bauchi yake kwance tun 1966. Hubbarensa ta wani siririn lungu mai duhu ake shiga, kana hawa a hankali, sai ka ɓullo fili ba rufi, ga kabari nan ba ado. Ka yi masa addu'a.

Malam Habu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na haƙura da Murzuk. Ɗan Abzin, kantu ɗaya zai iso Zariya bai farfashe ba in na naɗe shi a bargon? So nake in ajiye shi a gaban aji, yarinyar nan ta fara lasa.