Gurmi da Fiyano a Daren Lalle

Ɗan Gadarif:
Salamu alaikum. Ga bidiyon da na yi alkawari, na daren lallen ƙanwarmu bayan an gama yankan riɗi. Baba mai gurmi ne, wanda ya baro Madani da garin ya faɗi a yaƙin Sudan, a Disambar 2023. Tun zuwansa nan bai taɓa tsarkiya ba sai daren nan, kuma da wani yaro mai fiyano ya yi. Amsa-amonmu na yau "wa" ne.

Daren lalle mun sha mamaki,
An kawo Baba a keken jaki,
Gurmin da ya daɗe rataye a ɗaki,
Ya sauko ƙura tana zubowa.

Aka ja gadon angarib zuwa rumfa,
Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa,
Gahawar jabana na wuta tana kumfa,
Yaron fiyano yana shiryawa.

Murya ta dushe, in faɗi gaskiya,
In za ta hau sai ta tsaya a wuya,
Yaron ya cafe ta daga tsakiya,
Ya kai ta inda take son kaiwa.

Kawu na Shari Mansur, Makka:
Ɗana, na kalla sau biyu a shago bayan isha'i. Raina bai so ba. Kuma kada wani ya kawo mini zancen in kiɗa ya sauya, na riga ku sanin karin maganar.

Na san shi tun yana da ƙarfinsa,
A Madani, 'yan amshi na bayansa,
Mutum huɗu, kowa da gangarsa,
Ba lasifika, gari na amsawa.

Yau ga akwati mai farin haƙori,
Ka danna guda ya zuba da sauri,
Gurmi bai samu ko ɗan wuri,
Wa ke ja, wa ake jawowa?

Da ya bar mu da abin da muka sani,
Muryar da ta cika filin Madani,
Tsufa riga ce, ba ta son rini,
In ta koɗe a bar ta da koɗewa.

Goggo 'yar Mai Wurno, daga Kasala:

Yaya, kana inuwar Harami,
Kana ta kewar amon gurmi,
Kakanninmu da suka baro Burmi,
Ba su tsaya zaɓen abokin tahowa.

'Yan amshin nan huɗu, suna ina?
Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya bana,
Ɗaya na Masar yana dako a rana,
Biyu ba labarinsu da ke isowa.

Yaushe mawaƙi ya tsaya shi kaɗai?
Ko can da amshi yake jan rai,
Ya ja numfashi su riƙe masa kai,
Aikinsu yaron ke ɗaukowa.

Kuma Yaya, irin wannan tsakin naka aka yi wa A'isha Falatiya, tamu ce 'yar nan Kasala. Da ta shiga Rediyon Umdurman a 1942, ƙanwarta Jidawiyya na kaɗa mata udu, mawaƙa maza har ƙaurace wa gidan suka yi. Da ta manyanta, da mazan take haɗa murya a waƙa ɗaya. Ta rasu a 1974, har yau ba wanda ya ce ta zubar da girma.

Malam, Fot Sudan:

Wardi ya dawo yana dab da saba'in cif,
Jama'a suka tarbe shi har filin jirgi.

Muhammad Wardi nake nufi, babban mawaƙin Sudan. A 2002 ke nan, bayan gudun hijirar da ya biyo juyin mulkin 1989, kuma ya ci gaba da hawa dandali da samarin makaɗa a bayansa.

Ɗan Gadarif:
Allah gafarta Malam, tarihi ya fita, amma ina "wa" ɗinmu? "Cif" da "jirgi" ko a kotu ba za su amsa juna ba. Akwai tarar agashe tsinke biyar.

Kawu na Shari Mansur:
Ƙanwata, zancen 'yan amshi ya taɓa ni, ban san ɗayansu ya rasu ba. Allah ya jiƙansa. Amma ban sauka ba tukuna.

Wardi da makaɗa ya taso tun fari,
Namu da ƙwarya da fata ya ci gari,
Da wuta za ta ɗauke a wannan wuri,
Da kun ji gurmi yana farkawa.

Ɗan Gadarif:
Kawu, kamar kana wurin. Ta ɗauke! Batirin wayata ne ya hana ku gani.

Wajen sha ɗaya janareta ya shaƙe,
Akwatin yaro ya yi tsit ya maƙe,
Mata suka ce yau ga Baba a sake,
Mu ji na da, ba mai katsewa.

Muka yi shiru, kunne a buɗe,
Sai Baba ya ɗau tsumma ya naɗe,
Gurmin ya koma cinya a lulluɓe,
Ya ce a zubo masa mai ɗumamawa.

Ya ce, "Ba na tafiya in bar yarona,
Shi ya ɗauko ni daga kan shimfiɗana,
Wata biyu yana zarya ƙofar gidana,
In ya tsaya, ni ma ina tsayawa."

Kusan rabin awa ana neman mai. Uwar amarya har ta fara fushi. Shi kuwa ya jawo yaron gefen angarib, yana faɗa masa wani tsohon baiti a kunne, yaron na rubutawa a waya da haruffan Larabci. Sau uku yana sa shi ya goge kalma ɗaya, wai ba "gulbi" ba ce, "kogi" ce, gulbi ba ya zama a bakin kiɗan. Da inji ya tashi, yaron ne ya ja baitin, Baba ya yi masa amshi.

Goggo 'yar Mai Wurno:

To Yaya, ka ji, ko in ƙara?
Ni tuwona na wuta, ina dawowa.

Kawu na Shari Mansur:

Baba da amshi? Wannan sabo,
Shi da ko sarki ba ya wa yabo,
Sai ya ga dama, ko ana zubo
Kuɗi a gabansa kamar ana shekawa.

Ɗana, ka faɗa wa yaron ya rage gangar injin nan a baiti na biyu, tana danne tsarkiya. Akwai mai umara da zai taso ta Sawakin mako mai zuwa, zan ba shi zuma kwalba ɗaya ta maƙogwaron Baba. In za a sake, ka cika batirinka tun da rana.