Matar soja ce ni, rubutun fim na neman kuɓuce mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga matan sojoji da masu harkar fim.

Shekara huɗu muka yi a barikin Bukavu da ke Kano, a nan na fara rubuta labarin fim. Fitowa a fim dama ban sa ta a raina ba, kun san yadda ake kallon matar aure a Kannywood. Wani furodusa ya karɓi labarina mai dogon zango, muka gama zangon farko lafiya. Adaidaita nake hawa in je lokeshan, in dawo kafin yara su taso daga Islamiyya.

Kwatsam aka mayar da maigidana barikin Maimalari a Maiduguri. Yanzu furodusan ya kafe sai na riƙa zama da darakta ana gyara, wai turo rubutu ta WhatsApp ba ya isa. Cikon kuɗina ma ya riƙe. Maigida bai hana ni ba, amma in ya shiga daji sai ya yi wata uku, wa zan bar wa yaran? Ga tafiyar yini guda.

Ba mu rubuta yarjejeniya ba, wautata ke nan. In na kai kuka MOPPAN, ƙungiyar masu harkar fim, za su shiga tsakani? Akwai wadda ta ci gaba da rubutun daga nesa? Ko in haƙura in koma littafi, in riƙa sayarwa ta waya?