Shawarar da aka ba kafintan garinmu kan ƙofofin Jidda

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta gindin darbejiya, can wajen Ringim, ƙanina kafinta ya ce in ya je umara so yake ya zaga ya ga tsofaffin ƙofofi, aka yi ta masa dariya, wai mutane na zuwa sayen dabino shi katako zai kalla.

Wani baba da ya daɗe a Saudiyya ne ya ce "yaro, tafi Balad, tsohuwar Jidda, ka shiga ta Bab Makka, wato Ƙofar Makka." Gidajen da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina su, ƙofofin katako ne mai kauri da sassaƙa, ga tagogin da suke kira rawashin, tun 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya. Ya ce a bari sai bayan la'asar rana ta yi sanyi kuma a ƙafa za a bi lungu lungu, mota ba ta nuna maka komai.

Inda aka fi jan kunne shi ne hoto, kar ka ɗaga waya kan ƙofar gidan mutane sai ka nemi izini, musamman in akwai mata a wajen.

Ni dai abin da na ƙara, tunda sana'arsa ce ya duba yadda aka haɗa katakon da ƙusoshin, ya auna da taƙi ya rubuta, hoto ba ya nuna kauri. Wani ya kawo zancen ƙofofin Zanzibar masu ƙusoshin tagulla, baba ya ce wannan sai wata tafiyar in kuɗi sun samu.