Ƙasusuwa a cikin lambu: na wace dabba ne?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ana haƙa ramin dashe a lambun bayan gida, a zurfin kamar santimita 30, sai ga ƙasusuwa. Akwai dogo guda, tsawonsa santimita 13, da tsaga a tsakiyarsa, ƙarshensa ya rabu gida biyu. Akwai guntun muƙamuƙi da turame huɗu a jiki. Akwai wani kamar zobe, fuskokinsa sumul. Sai wani maras nauyi mai ramuka a jere, kamar ƙoƙon kan ƙaramar dabba amma ba haƙori. Na mene ne? Kuma yaya zan tabbatar ba na mutum ba ne?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Dogon nan shi ya fi sauƙin ganewa: sangalin dabba mai tuƙa ne. Asalinsa ƙashi biyu ne da suka manne, tsagar da kika gani ita ce mahaɗarsu, kuma ƙarshen ya rabu biyu ne don kowane ɓari na kofato ya sami wurin zama. Mutum ba shi da ƙashi mai wannan siffa ko kaɗan. Na doki da jaki ƙarshensa ɗaya ne, ba rabuwa. Santimita 13 girman na tunkiya ko akuya ne. Na saniya yakan kai 20, ga kauri.

Muƙamuƙin kuma, ki dubi saman turamen. In kin ga zane mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, biyu-biyu, da kaifi a baki, mai tuƙa ce. Za ki kuma ga fili babu haƙori tsakanin turame da haƙoran gaba. Na kare da kyanwa ba sa ɓuya: ga fiƙa, ga turame masu tsini na yankan nama. Kare haƙora 42 gare shi, kyanwa 30 da gajeren muƙamuƙi. Ɓera da gafiya haƙoran gaba biyu sama biyu ƙasa, masu lanƙwasa, galibi launin ruwan goro. Zomo yana da wasu ƙanana biyu ɓoye a bayan na sama, nan ake bambanta shi da ɓera.

Zoben nan aikin zarto ne. Ƙashi ba ya karyewa sumul da kansa. Ki haska shi da tocila daga gefe, za ki ga siraran layuka a jere. Ke nan daga hannun mahauci ya fito, ragowar abinci ne aka zubar ko kare ya binne. Na ƙarshen kuwa yana ruɗar mutane sosai. Kusan tabbas ƙugun tsuntsu ne, kaza ko makamanciyarta: ƙashin baya ne da ya manne da ƙugu, ramukan hanyar jijiyoyi ne, zagayayyun ramuka biyu na gefe kuma mazaunin cinya ne, ba gurbin ido ba.

Dakta Binta:
Bayanin Malam Garba daidai ne, amma tambayarki ta biyu ita ce gaba da komai. Ƙashin cinyar baligi yakan kai santimita 40 zuwa 50, dogo siriri, kansa dunƙulalle a kan wuya mai karkata. Muƙamuƙin mutum gajere ne, zagayayye, da haɓa a gaba, turamensa kuma masu tudu ne marasa kaifi. A nan ake kuskure, domin turamen alade sun yi kama da na mutum, haka ma haƙarƙari da ƙananan ƙasusuwan ƙafa suna da wuyar rabewa ga wanda bai saba ba. Ƙashin jariri ma ana ɗaukarsa na ƙaramar dabba. Saboda haka in wani abu ya sa miki shakka, ko aka ga tufa, maɓalli ko ƙoƙon kai zagayayye, a dakatar da haƙa, kada a ɗaga komai, kada a wanke, a rufe wurin a sanar da 'yan sanda. Yadda ƙashi yake kwance a ƙasa shaida ce, da zarar an motsa shi ta ɓaci.

Sannan a sa safar hannu. Tarkacen ƙasusuwan dabbobi daban-daban irin naki shara ce kawai. Amma in gawar saniya ko doki ce cikakkiya, kowace gaɓa a wurinta, an binne ta da zurfi, a mayar da ƙasa a kira likitan dabbobi. Ƙwayoyin ciwon saifa, wato antiraks, suna rayuwa shekaru da dama a cikin ƙasa.

Maman Ilham:
Na gode. Turamen masu lanƙwasar ne. Amma kan dogon ƙashin, wanda ya rabu biyun nan, ya fita kamar murfi, wurin duk kurzunu. Karyewa ya yi? Tunkiya ce ko akuya? Ina so in wanke in ajiye.

Abu Sadik:
Ba karaya ba ce, Hajiya. Dabbar ba ta gama girma ba. Tsakanin jikin ƙashi da kansa akwai guringuntsi da ake girma ta wurinsa, sai an cika girma suke haɗewa. Guringuntsin ya ruɓe, kan ya faɗi. A tumaki da awaki wannan mahaɗa takan rufe wajen shekara biyu, don haka taki ba ta kai ba.

Raba tunkiya da akuya da ƙashi ɗaya abu ne mai wuya har ga masana. Sangalin akuya ya fi gajarta da faɗi, na tunkiya ya fi tsawo da siranta, amma a ƙaramar dabba ban ba ki shawarar yanke hukunci ba.

Wajen wanki, ki bari ƙasar ta bushe a inuwa, ki kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori, sannan ki jiƙa a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, kina sauya ruwan har maiƙo ya daina tasowa. Kada ki tafasa, zafi yana tura kitse cikin ƙashi, yana kuma fasa haƙora. Kada ki sa bilic, yana cin ƙashin, bayan 'yan watanni sai ki ga yana zubar da gari. In fari kike so, haidurojin feroksaid, ruwan maganin wanke rauni, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 ya isa, kwana ɗaya zuwa biyu, a mazubin da ba a toshe bakinsa ba. Rana kai tsaye tana tsaga ƙashi, a inuwa za a shanya.

In za ki turo hoto, ki ajiye rula a gefe, ki ɗauki gaba da baya da kawunan biyu, muƙamuƙin kuma daga sama yadda fuskar turamen za ta fito.