Me ya sa har yanzu ake barin ƙauyukan gaɓar teku na ƙarshen arewacin duniya su farauci farin beyar?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Tambayata tana zuwa ga malamanmu da suka karanci ilimin namun daji ko labarin ƙasa. Kullum muna jin cewa farin beyar, wannan dabba da ke rayuwa a kan ƙanƙarar teku, yana cikin haɗari saboda ɗumamar yanayi, har ya zama shi ne hoton da ake ɗagawa duk lokacin da aka tashi maganar sauyin yanayi. Amma kuma na karanta cewa a ƙauyukan Inuit, wato 'yan asalin yankin, na Kanada da Girinlan da Alaska ana harbinsa duk shekara, kuma da sanin hukuma. Ta yaya za a ce dabba tana cikin haɗari sannan a ba da izinin kashe ta? Shin doka ce ta yi sakaci, ko akwai wani dalili?

Malamin Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba sakaci ba ne, abu ne da aka tsara da gangan. A shekarun 1950 da 1960 waɗanda suka kusa yi wa dabbar illa baƙi ne masu farautar nishaɗi da masu cinikin fata, waɗanda a Alaska suke bin ta da jirgin sama, a tsibiran Svalbard na Norwe kuma suke ɗana mata bindigar tarko. Tarayyar Sobiyet ta hana farautar tun 1956, Amurka ta yi dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a 1972, sannan a watan Nuwamba na 1973 ƙasashe biyar, wato Kanada, Danmak a madadin Girinlan, Norwe, Tarayyar Sobiyet da Amurka, suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Oslo. Yarjejeniyar ta haramta farauta da jiragen sama da manyan jiragen ruwa, amma ta bar wa mutanen yankin haƙƙinsu na gado, domin sun shafe dubban shekaru suna cin naman suna sa fatar ba tare da sun ƙarar da dabbar ba.

A yau ƙiyasin da aka fi dogara da shi shi ne akwai kimanin 26,000 a duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna Kanada ko a ruwan da take tarayya da maƙwabtanta. A yankin Nunavut na arewacin Kanada, kowane ƙauye yana da adadin da aka yanka masa a shekara, ƙungiyar mafarautan ƙauyen ce ke raba lambobin izinin, sau da yawa ta hanyar ƙuri'a, kuma wanda ya harbe dabba sai ya kai wa jami'in namun daji muƙamuƙi ko haƙori domin a san shekarunta. Ba a taɓa uwa mai 'ya'ya, ba a taɓa wadda ke cikin raminta. Ko beyar ɗin da aka kashe don kare rai, ana cire shi ne daga kason ƙauyen. Girinlan ta shiga wannan tsari na ƙayyade adadi a 2006, kuma can sai wanda farauta ce cikakkiyar sana'arsa ake ba izini.

Malamar Sabon Gari:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma akwai ɓangaren da ka tsallake. Kanada tana barin ƙauye ya sayar da wasu daga cikin lambobinsa ga attajiran waje, su biya dubban daloli, a raka su su harbe dabbar su tafi da fata da ƙoƙon kai. Na san sharaɗin shi ne sai da ɗan gari a matsayin jagora, sai da keken ƙanƙara da karnuka ke ja, kuma lambar tana fitowa ne daga kason da aka riga aka yanka, amma duk da haka wannan ba farautar neman abinci ba ce, kuma irin waɗannan baƙi manyan maza lafiyayyu suke nema. Amurka da kanta ta rufe ƙofar shigo da irin wannan ganima bayan ta sa dabbar cikin jerin masu fuskantar barazana a 2008, ta kuma nemi a hana cinikin fatar tsakanin ƙasashe a taron CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji masu fuskantar barazana, na 2010 da na 2013, ko da yake ba ta samu rinjaye ba. Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin haihuwar dabbar: mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara biyar ko kusa da haka, yawanci 'ya'ya biyu take haifa, ta riƙe su fiye da shekara biyu, saboda haka kuskure kaɗan a lissafin adadi zai ɗauki tsawon lokaci kafin a gyara shi.

Dattijon Ƙofar Doka:

'Ya'yana, ni daga gidan mafarauta na fito, don haka ta wannan fuska nake kallon maganar. A dazuzzukanmu ba wanda ya taɓa ƙirga abin da ake kashewa a fitar rani, kowa ya ɗauki gora da karnuka ya shiga, ga shi yau barewa ta zama labari a wurare da dama. Mutanen da suka yarda a ƙirga musu, su kai haƙori ofis, su ajiye bindiga idan kason ya cika, ban ga dalilin da za a fara ɗora musu laifi ba.

Sannan a duba yadda aikin yake. Maharbi yakan bi sawu kwana da kwanaki a kan daskararriyar teku, cikin sanyin da ke sauka ƙasa da sifili da maki talatin. Idan ya matso, sai ya kwance wasu karnuka daga igiya, su zagaye dabbar da haushi suna cizon ƙafafunta na baya har ta tsaya ta juyo, shi kuma ya ƙaraso. A da da mashi ake yi, yanzu da bindiga, kuma ƙaton namiji yana iya haura kilo 500. A gabashin Girinlan al'ada ita ce fatar ta wanda ya fara hango dabbar ce, ko da yaro ne ko tsohuwa, ba ta wanda ya harba ba. Naman ana rarraba shi gida-gida, dattawa a gaba, kuma dole a dafa shi sosai saboda wata tsutsa da ke cikinsa. Hanta kuwa ba a ci, ba a ba karnuka, domin sinadarin bitamin A ya yi mata yawa har ya zama guba. A Qaanaaq, can ƙuryar arewacin Girinlan, har gobe wandon fatar beyar ne maharbi ke sawa. Ƙauyukan Nunavut ba su da hanyar mota da ta haɗa su da kudu, kayan kanti sai ta jirgin sama ko jirgin ruwa na bazara, don haka kuɗin da Malama ta ambata yakan koma ga man fetur da harsashi da abincin karnuka.

Malamin Tudun Wada:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma damuwar Malama tana da tushe, domin saɓanin da ake yi yanzu a kan lissafin ne. Farin beyar yana kama abincinsa, wato dabbar teku mai kitse da ake kira sil, a kan ƙanƙara ne, can kawai yake samun ta da yawa. A yammacin Tekun Hudson da ke Kanada ƙanƙarar tana narkewa da wuri, tana kuma jinkirin daskarewa, saboda haka dabbobin suna daɗewa a tudu da yunwa. Ƙidayar da aka yi daga jirgin sama a 2021 ta ba da 618, alhali a shekarun 1980 ana maganar kusan 1,200. Masana suna ganin raguwa, mazauna ƙauye irin Arviat kuma suna ganin beyar a bakin juji da bayan gidaje fiye da zamanin iyayensu, har sun kafa masu sintiri da dare, kuma a 2018 an rasa mutum biyu a Nunavut sanadin harinsa. Duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, tun da dabbar da yunwa ta koro tudu ita ce ke shiga gari. A 2019 gwamnatin Nunavut ta sassauta ƙa'idar da ta ce a harbi maza biyu a kan kowace mace ɗaya, ta yarda rabin kason ya zama mata, kuma masana da yawa ba su ji daɗin wannan sauyi ba.

Ɗan Samaru:

Na gode, Malam, Malama da Baba. Abin da zan so a ƙara yi mini bayani shi ne yadda ake raba kaso idan garke ɗaya yana yawo tsakanin ƙasashe biyu, kamar na Tekun Beaufort, wanda na ga mafarautan Inuvialuit na Kanada da Inupiat na Alaska suka ƙulla yarjejeniya a kansa tsakaninsu tun 1988.