An fesa wa ciyawar gidanmu magani, yaushe yara za su koma wasa a kai?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Muna haya a Gwarimpa, Abuja, gidan na da ɗan filin ciyawa a gaba. Da damina ta yi nisa sai ciyawar ta fara tabo-tabo, kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Shekaranjiya mai kula da lambu ya zo da injin feshinsa na goyo, ya dama wani gari ruwan ɗorawa, ya feshe ko'ina bai ce wa kowa uffan ba. Da la'asar na tarar da Hanif, watansa 11, yana rarrafe a kai har da cusa ciyawa a baki. Na tsinci ledar a bola, an rubuta Mancozeb. Na wanke shi tas, lafiyarsa ƙalau, amma hankalina bai kwanta ba. Kwana nawa zan hana su fita?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganin fumfuna ne, shi ake fesa wa tumatir da dankali. Ba ya shiga cikin ganye, a kansa yake zama, shi ya sa yake bin hannu da gwiwa. Ranar feshi ce ta fi muni, musamman kafin ya bushe. Babba zai iya takawa da takalmi bayan ya bushe, amma mai rarrafe ni dai sai in ce a bari ruwan sama ya sauka a kai, a aske ciyawar sau ɗaya, a kwashe abin da aka aske. Ki kula da raɓar safiya, tana sake jiƙa maganin. Taɓawa sau ɗaya ba ita ce abin tsoro ba, yawan maimaitawa ne, don idan ya ruɓe yana zama wani sinadari mai suna ETU da ke taɓa halittar nan ta maƙogwaro mai jawo maƙoƙo. Tarayyar Turai ta janye amincewa da shi a 2021. In kin ga ƙuraje ko amai, ki kai shi asibiti da ledar a hannu.

Ɗan Ohayo:
Ni a filin golf nake aiki a nan Amurka. Nan in an yi feshi a gida sai a kafa 'yar tuta, ranar ba mai barin yaro ko kare ya hau. Takalmin aikina a bakin ƙofa yake kwana, kayana kuma daban ake wanke su. Amma Anti, ki tambayi mutumin yaushe yake ba da ruwa. Ciyawar da ta kwana a jiƙe, ga takin yuriya an labta mata, dole ta yi fumfuna. Ban ruwa da asuba ake yi, a kuma wasa wuƙar injin aski.

Baban Ummi:
Kar dai a ba rago ciyawar da aka aske. Masu sallah a kai kuma su shimfiɗa tabarma.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai. Ɗan Ohayo ka canka, kullum da magariba yake buɗe tiyo, ko an yi ruwa ranar. Gobe zan samu mai gidan hayar, tiyon kuma na ɗauke na ɓoye a sito.