Neman shawara: Baba ya bar gwangwanin albarushi, ƙanena ya nace sai ya canza garin da ake ɗura wa bindiga

Baban Ummi, Rigasa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar bindiga, maharba ko tsofaffin ma'aikata, ku taimaka mini. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, maharbi ne tun yana saurayi. Bayan sadakar arba'in muka buɗe ɗakinsa, muka tarar da adakarsa a ƙarƙashin gado naɗe cikin tsohon bargo, da gwangwanin madara cike da baƙin albarushi an toshe bakinsa da tsumma, sai wata leda mai ɗauke da harsasan bindiga mai baki biyu guda goma sha ɗaya, jajaye, gindinsu har ya yi kore. Ita mai baki biyun an ce ya daɗe da sayar da ita.

Matsalar ƙanena ce. Yaron ya kamu da kallon Amurkawa a YouTube, masu tara kwanson harsashin ƙaramar bindiga su sake cika shi a gida. Ba shi da zance sai wannan gari mai saurin ci ne, wancan mai jinkiri ne, Bullseye kaza, Unique kaza. Yanzu ya ce wai albarushin Baba tsohon yayi ne, hayaƙi kawai, don haka zai farke harsasan nan ya juye garin cikinsu ya ɗura wa adaka, saboda biran da ke yi mana ɓarna a gona ta hanyar Kachia. Na hana shi, ya ce ban waye ba. To wanne gari ne ya fi dacewa, kuma kamar yaya ake zubawa?

Tsohon Soja, Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kafin ka gama karanta amsata, tashi ka ɗauke ledar nan daga inda hannun yaron zai kai, sannan ka dawo. Garin cikin harsashin zamani ba ya shiga adaka, ko kaɗan ne, ko ƙwaya nawa ce. Babu wani awo da zan faɗa maka, kuma duk wanda ya faɗa maka awo a nan ba masoyinka ba ne. Adaka bututu ne da maƙeri ya haɗa, wani lokacin ma da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, ba wanda ya taɓa gwada iya ƙarfin da zai ɗauka. Idan ta fashe, ta gindi take fashewa, daidai inda fuska da hannun hagu suke. Da idona na ga mutum a wani ƙauye da yatsu biyu suka rage masa a hannu, kuma shi ma cewa ya yi ɗan kaɗan ya zuba.

Malamin Kimiyya, Samaru:
Bari in ɗora a kan maganar Baba Soja, don yaro irin wannan ba ya jin "bari" sai an ba shi dalili. Sunan ne ya haɗa su, amma abubuwa biyu ne daban. Baƙin albarushi cakuɗe ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri, daga ƙasar Sin ya samo asali fiye da shekara dubu. Idan ya ci wuta, fiye da rabinsa toka da hayaƙi yake zama, shi ya sa maharbi ke ɓacewa cikin farin hayaƙi in ya harba, shi ya sa kuma bututu ke tsatsa in ba a wanke ba. Shi kuwa marar hayaƙi, wato garin cikin harsashin zamani, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884, daga auduga da aka sarrafa da asid. Kusan dukkansa iska yake komawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne halinsa: in ka zuba shi a fili ka kunna, ci kawai zai yi kamar busasshiyar ciyawa, har mutum ya raina shi. Amma in an matse shi a wuri rufaffe, matsin na ƙaruwa yana ƙara saurin ci, saurin cin kuma yana ƙara matsin. Cikin ƙiftawar ido ya wuce abin da ƙarfen zai iya riƙewa. Bindigogin masana'anta ma da ake ɗura musu ta baki a Turai da Amurka, a jikin bututun ake rubuta cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa. Balle adakar maƙera.

Ɗan Tudun Wada a Texas:
Ni ina zaune cikin masu wannan abin, maƙwabcina yana da tebur guda a garejinsa don shi kaɗai, kuma a nan doka ta yarda. Abin da ƙanenka bai gani a bidiyo ba shi ne ba a zaɓen gari da ido ko da ra'ayi. Littafi ake buɗewa. Kamfanonin gari irin su Vihtavuori na ƙasar Finland da Hodgdon da Alliant suna gwada kowane haɗi a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi, sannan su buga: kwanso iri kaza, dalma mai nauyi kaza, gari mai suna kaza, daga nan za ka fara, nan kuma iyaka. Ka canza ɗaya daga ciki, lissafin ya tashi. Sikelin da suke awo da shi kuwa ba giram yake ƙirgawa ba, wani ma'auni ne da sai ka tara goma sha biyar da ɗoriya kafin ka samu giram ɗaya, kuma kashi ɗaya cikin goma na wannan ɗin ma suna lura da shi.

Maganar saurin ci gaskiya ce. Ƙaramar bindiga bututunta gajere ne, ana so garin ya gama ci kafin dalma ta fita, don haka mai sauri ake sa mata. Doguwar bindiga mai jinkiri take so. Garin harsashin mai baki biyu, irin wanda ke ledarku, yana cikin masu saurin, wato mafi muni da za a zuba wa adaka. Kuma ko su da ke da littafi da sikeli suna shan wuya. Harsashin libarba da ake kira .38 Special tun zamanin baƙin albarushi aka ƙera kwansonsa, yana da zurfi, garin zamani ɗan mitsitsi yake kwanciya a gindinsa. In hankalin mutum ya ɗauke, waya ta yi ƙara ko yaro ya shigo, sai ya zuba sau biyu bai ga bambanci ba. Shi ya sa da yawa suka fi son gari mai cika kwanso, wanda in an maimaita zai zube a gani. Maƙwabcin nan nawa in zai yi aikin rufe ƙofa yake yi, gwangwani ɗaya tak yake ɗorawa a kan tebur, ya haska kowane kwanso da tocila kafin ya ɗora dalma. Garin da ya rasa takardar sunansa kuwa zubar da shi ake yi, don kala da siffar ƙwaya ba sa nuna ko wanne ne. Na cikin tsohon harsashi ba wanda ya san sunansa sai masana'antar da ta cika shi.

Na Gidan Sarkin Baka:
Ni abin da ya ɓata mini rai shi ne raina albarushin gargajiya. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wannan hayaƙin da yake rainawa da shi kakanninmu suka ci da iyali. Ku je Zariya ranar hawan sallah ku ga ƴan bindigar Sarki in sun saki, ƙasa har girgiza take yi, da me suke ɗurawa in ba shi ba? Sai dai shi ma ba a koyonsa a waya. Ana bin babba daji shekara da shekaru ana riƙe masa gafaka kafin a bar ka ka ɗura. Kuma adakar da ta yi shekaru a kwance, ka ɗauka a ɗure take. Tsofaffinmu da yawa haka suke ajiye ta. Kada wanda ya leƙa bakinta, kada wanda ya taɓa kunamar.

Baban Ummi, Rigasa:
Innalillahi. Wallahi jiya yaron nan ya ɗaga ta yana leƙa ciki da fitilar waya.

Lauya, Unguwar Rimi:
Yallaɓai, tun kafin a kai ga wanne gari, akwai maganar da ba a taɓo ba. Texas daban, Kaduna daban. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, tana cikin haramtattu tare da bindigogin yaƙi, izinin riƙe ta daga Shugaban Ƙasa yake fitowa, kuma hukuncin mallakarta ba izini bai gaza shekara goma a gidan yari ba. Mai baki biyu da ire-irenta na hannun Sufeto Janar na ƴan sanda. Adaka da sauran masu ɗuri ta baki suna ƙarƙashin Kwamishinan ƴan sanda na jiha. Harsashi kuma yana bin lasin bindigarsa ne: harsasai goma sha ɗayan nan, ba bindiga ba lasin, su kaɗai sun isa su jefa mutum cikin shari'a. Lasin ba ya cikin kayan gado, ko da Baba yana da shi. Cika harsashi a gida kuwa ba hurumin kowa ba ne a ƙasar nan. Masu wannan aikin a hukumance suna nan Kakuri, DICON, tun 1964. Ka kuma duba halin da jihar nan take ciki da ƴan bindiga. Wanda aka tare a shingen bincike da harsashi a leda, ba wanda zai tsaya jin labarin birai.

Mai Keke, Bakin Dogo:
To Barista, talaka ya zuba ido biri ya cinye masa masara kenan? Wancan na daji ya nemi lasin?

Lauya, Unguwar Rimi:
Ciwon na nan, ban musa ba. Amma in an kama ƙanensa, ni za a kira da tsakar dare, ba kai ba.

Maman Khalifa, Barnawa:
Duk kun tafi tarihi da doka. Ni tambayata ɗaya ce: gwangwanin yana ina yanzu? Gidan da yara? Gwangwanin madara fa aka ce, wanda kowane yaro zai buɗe yana zaton abin lasa ne. Ana kunna maganin sauro a ɗakin, ko ana shiga da kaskon turare? Ka kulle ɗakin yau ka sa makullin a aljihunka.

Tsohon Soja, Kawo:
Hajiya ta faɗi magana. Baƙin albarushi tartsatsi ɗaya yake jira, tsufa kuma ba ya kashe shi muddin a bushe yake. Kada a girgiza gwangwanin, kada a ƙwaƙule shi da cokali ko ƙusa, kada wani ya ce zai jefa shi a wutar shara ya huta. Harsasan ma haka, ba a farkewa, ba a ƙonawa. Kada kuma ka saka su a buhu ka hau Keke ka nufi ofishin ƴan sanda. Ka fara zuwa wajen mai unguwa, ku tafi tare wajen DPO hannu wofi, ka yi bayani cewa kayan mamaci ne. Suna da sashen kwance bama-bamai, su za su zo su ɗauka. Ka nemi a ba ka takardar shaidar karɓa, ka ajiye ta da kyau.

Na Gidan Sarkin Baka:
Gari da harsashi su tafi, na yarda. Amma adakar kayan tarihi ce. Ka tambaye su ko akwai hanyar da za a sauke ɗurin a yi mata takarda ta zauna a gida. Birai kuma karnuka biyu da yaro mai gwangwani da sanda a bakin gona sun fi harbi ɗaya aiki, don in ka harba yau, jibi suna nan.

Baban Ummi, Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kulle ɗakin, makulli na wurina. Na miƙa wa yaron wayar ya karanta da kansa, da ya zo wajen yatsu biyun nan ya yi shiru, amma har yanzu yana gunaguni wai na Texas ne kaɗai ya fahimce shi. Na yi magana da mai unguwa bayan la'asar, ya ce gobe ƙarfe tara mu haɗu a ƙofar gidansa. Barista, in sun ƙi ba da takardar karɓa, me zan ce musu?

Lauya, Unguwar Rimi:
Ka rubuta wasiƙa tun daga gida, ka lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya, kwafi biyu. Su buga hatimi a ɗaya su ba ka. Ka tafi da takardar shaidar rasuwar Baba in akwai.

Ɗan Tudun Wada a Texas:
Ka gaya masa na Texas ɗin ma cewa ya yi kada ya zuba.